Ɗana ya fi sakin jiki da karensa a kan mutane

Tambaya: Ɗana shekararsa 15. A 'yan watannin nan kamar an canza min shi. Yau ya ce likita zai zama, gobe ya ce karatun ma bai ga amfaninsa ba. Ya sauya abokai, aski kuwa sau uku yana canzawa. Rannan na ji yana cewa shi bai ma san ko shi wane ne ba. Mu ba ya yi mana magana, amma da dare sai ya zauna kusa da karensa yana sosa masa bayan kunne, yana ta magana ƙasa-ƙasa. In raba su ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki raba su.

Abin da kika lissafa na farko, aikin shekarunsa ne. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya ware tsakanin shekara 12 zuwa 18 a matsayin lokacin da yaro ke lalube ya gano kansa, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya gwada wancan. A 1966 wani masanin, James Marcia, ya bayyana wannan kai-komo a matsayin matakin da matasa kan bi kafin su tsaya a kan ra'ayinsu. Ga shi kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara abu da auna sakamako, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

To me ya kawo kare a ciki? Ki duba yinin yaron. Malami na duba makinsa, abokai na duba takalminsa, ke ma, ba don mugunta ba, kina duba askinsa. Kowa auna shi yake yi. Kare ne kaɗai ba ruwansa da ko likita zai zama ko makanike. Da ya ji takunsa zai taso yana kaɗa wutsiya kamar jiya. Ga yaron da komai nasa ke motsi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin na ƙaruwa a jikin su biyun, shi ne kuma sinadarin da ke aiki tsakanin uwa da jaririnta. Tun kafin nan, wani masani a Amurka, Boris Levinson, ya lura cewa yaron da ya ƙi yi masa magana ya fara buɗe baki ne ta dalilin karen shi Levinson ɗin, ya rubuta a kan haka a 1962.

Ni a ganina, ta wajen karen za ki shiga. Idan zai fita zagayawa da shi, ki ce za ki raka su. Kada ki tambaye shi me ke damunsa, ki tambaye shi me karen ya fi tsoro, ko yadda ya koya masa zama. Matasa sun fi sakin baki idan ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a zaune ana kallon ƙwayar idonsu ba. Ciyarwa da wanka ma ki bar masa su gaba ɗaya.

Inda za ki tashi tsaye shi ne idan ya yanke hulɗa da kowa sai karen, ko ya shafe fiye da mako biyu cikin ƙunci, barci da cin abinci sun lalace, ko ya daina zuwa makaranta. Nan sai a ga likitan ƙwaƙwalwa. Idan kuwa ya ambaci cutar da kansa ko ya ce ya gaji da rayuwa, ko da cikin wasa ne, a ranar za ku tafi.