Hutun Disamba a Cape Town: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu muna shirin zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a hutun ƙarshen shekara, kwana shida za mu yi. Ba mu taɓa zuwa ba, wuraren da ake nunawa kuma sun yi yawa har na rasa na zaɓa. Ta ina za mu fara? Yaya batun abincin halal da salla? Yaran ma sun matsa sai sun shiga teku. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Kafin in ambaci wuri ko ɗaya, kada ka zauna a Zariya ka rubuta cewa Litinin dutse, Talata tsibiri, ka kafe a kai. A Cape Town iska ce mai faɗa a ji. Lokacin da muke cikin hunturu su suna tsakiyar zafi, kuma a watannin nan ne iskar kudu maso gabas ke kaɗawa da ƙarfi, wani lokaci kwana biyu ko uku ba ta lafa ba. Idan ta taso ana tsayar da motar igiya mai kai mutane saman Dutsen Tebur, idan teku ta yi fushi kuma a soke tashin jirgin Tsibirin Robben. Waɗannan biyun su ne manyan abubuwan da za ku je gani, saboda haka ka sa su a farkon kwanakinku, ta yadda in yau ba ta yiwu ba akwai gobe da jibi. Wanda ya bar su sai ranar ƙarshe sau da yawa daga ƙasa yake ɗaukar hoto ya koma gida.

Kowace safiya ka leƙa ta taga. Idan ka ga saman dutsen tangaran, ba farin gajimare a kansa, ku ajiye duk wani shiri ku nufi can. Tsayinsa ya haura mita 1,000, motar igiyar kuwa tun 1929 take aiki, kuma cikin kamar minti biyar take kai mutum sama. Ƙasanta yana juyawa a hankali, don haka ba sai an yi rububin gefen taga ba. Ku tafi da rigunan sanyi ko da ana tafasa a ƙasa, ku kuma sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin daga tsakiyar Disamba makarantun ƙasar suna hutu, layi kan yi tsawo ƙwarai.

Tsibirin Robben yana bukatar rabin yini. Daga tashar ruwa ta V&A Waterfront jirgin ke tashi, kuma a lokacin hutu tikitinsa kan ƙare tun kwanaki kafin ranar, don haka shi ne farkon abin da za ka saya. A can Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure, daga 1964 zuwa 1982. Za a nuna muku ɗakinsa: ɗan ƙuƙumi ne da bai fi taku uku ba, da shimfiɗa a ƙasa, da bargo, da bokitin bayan gida a kusurwa. Za a kai ku ramin farar ƙasa inda fursunoni suka yi ta fasa dutse, wanda ƙyallinsa ya lalata wa Mandela ido. Tsawon shekaru, tsofaffin fursunonin wurin ne ke zagayawa da baƙi, kuma jin labarin daga bakin wanda ya kwana a ciki daban ne da karantawa.

Akwai abin da yawancin baƙi ke wucewa ba su lura ba, ina so kai ka tsaya a kansa. Tun kafin Mandela da ɗaruruwan shekaru Turawan Holan suke tsare malamai da sarakunan Musulmi da suka kamo daga tsibiran Indunusiya a wannan wuri. Kusa da kurkukun akwai hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu, wanda ya rasu a tsare a 1754. Sai kuma Imam Abdullahi ɗan Kadi Abdussalam, wanda mutanen garin ke kira Tuan Guru. Ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore, aka kawo shi a 1780, ya yi fiye da shekara goma a tsare, kuma a wannan zaman ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk wanda ya taso a gidan allo ya san nauyin wannan aiki. Da aka sake shi ya buɗe makaranta a unguwar Bo-Kaap, ya zama limamin Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar, alhali sai a 1804 hukuma ta ba Musulmi damar yin addininsu a fili. Ɗaya daga cikin kwafin da ya rubuta yana nan a masallacin, a titin Dorp, kabarinsa kuma yana maƙabartar Tana Baru a saman unguwar.

Don haka a ganina ku je tsibirin tukuna, washegari ku shiga Bo-Kaap, labarin zai haɗu a kan yara. Unguwar ta yi suna da gidaje masu launi-launi, ruwan hoda da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa a jere, amma gidajen mutane ne, ba wurin wasa ba. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Idan kuna can da ƙarfe 12 na rana kuka ji ƙarar igwa kada ku firgita, daga tudun Signal Hill ake harba ta kullum ban da Lahadi da ranakun hutu. In da sauran lokaci ku shiga gidan tarihi na District Six, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta Turawa zalla a 1966, aka kori mutum fiye da 60,000 aka rushe gidajensu.

Batun abinci kuwa ka kwantar da hankalinka, Cape Town na daga cikin wuraren da Musulmi ba ya shan wahala. Ka dubi takardar shaidar halal ta MJC ko SANHA, hukumomin Musulmi masu tantance abinci a ƙasar, a manne a bango, in ba ka gani ba ka tambaya, ba wanda zai ga baƙonka. Ku ɗanɗani bobotie, niƙaƙƙen nama mai kayan yaji da ake gasawa da ƙwai a samansa, da kuma koesister, wanda yake kamar fanke amma da kirfa da citta, a tsoma shi a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa. Da safiyar Lahadi aka fi samunsa da zafinsa. Masu shirya yawon buɗe ido za su yi ta tallata maka gonakin inabi na Stellenbosch, yawanci ɗanɗana giya ne jigon tafiyar, kana iya cewa a kai kasuwa.

Salla ma masallatai suna da yawa. Sai dai ranar Disamba doguwa ce: alfijir tun wajen ƙarfe 4, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 8 na dare, Isha'i ta haura ƙarfe 9. Yawancin Musulmin garin Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, a Asuba kuma ya yi Alƙunutu a bayyane bayan ruku'u ana ɗaga hannu. Ka sanar da yara tun daga gida.

Yini guda cikakke na gaɓar teku ne, kusan kilomita 70 zuwa ƙarshen tsirin ƙasar. Ka ɗauki mota da direba, domin a hagu suke tuƙi. Wannan tuƙin hagun ne ya sa nake ba da shawarar a fara ta gabas a dawo ta yamma: zuwa da dawowa teku tana gefenku, ba mota tsakaninku da ita. Ku bi ta Muizenberg da Kalk Bay, inda masunta ke sauke kifi a bakin tasha, ku isa Boulders kusa da Simon's Town kafin cunkoso. Nan ne tsuntsayen fengwin suke, masu tafiya a tsaye suna rangaji. A 1982 suka fara zama a wurin, yanzu kuma jinsinsu na fuskantar barazanar ƙarewa. Kada yaro ya kai hannu, suna cizo.

Daga nan sai Cape Point da Cape of Good Hope, inda Bartolomeu Dias na Fotugal ya kewaya da jirginsa a 1488. Za ka ji ana cewa nan ne ƙarshen Afirka ta kudu. Ba haka ba ne, Cape Agulhas ne, yana can gaba wajen gabas da nisa. Tsohuwar hasumiyar fitila da za ku hau an gina ta ne a wuri mai tsayi fiye da kima, hazo yana rufe ta, sai da wani jirgin Fotugal ya nutse a 1911 sannan aka gina wata a ƙasa. Gwaggon birin wurin kuwa ba su da kunya ko kaɗan. Sun iya buɗe ƙofar mota, kuma da sun hango leda a hannun yaro za su fizge. A kulle mota, a ɓoye abinci, ba su abinci ma laifi ne da ake cin tara a kansa. Da yamma ku dawo ta Chapman's Peak, hanya mai kilomita 9 da lanƙwasa 114 da aka sassaƙa a jikin dutse, teku na can ƙasa. Ana biyan kuɗin wucewa, wani lokaci kuma ana rufe ta saboda faɗowar duwatsu, sai direba ya bincika tun da safe.

To, batun shiga teku. Kada kyan Camps Bay da Clifton ya ruɗe ku, ruwan wannan ɓangaren na Atlantika sanyi ne da shi mai ratsa ƙashi, kuma abin mamaki a lokacin zafi ya fi sanyi, domin iskar nan tana kore ruwan sama, na can ƙasa ya taso. Ku kai yara ɓangaren Muizenberg, ya fi ɗumi. Mafi kyau ma St James da ke kusa, inda aka kewaye wani yanki da katanga, igiyar ruwa ba ta jan mutum. A buɗaɗɗen ruwa kuwa, tsakanin tutocin masu ceto kawai ake wanka, kuma idan aka busa jiniyar gargaɗin kifin shak a fito nan take. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko a kwamin otal bai san teku ba tukuna, idonka ya zauna a kansa.

Tsaro: wuraren da na ambata suna da jama'a da masu gadi, amma garin yana da ɓarayi. Kada ku hau dutse da ƙafa ku kaɗai, kada a bar jaka a kujerar mota, da dare a kira Uber ko Bolt maimakon takawa, kuma kada ka bari wani ya “taimaka” maka a na'urar cire kuɗi. Ka nemi biza da wuri tare da takardun haihuwar yara, ka riƙe katin rigakafin shawara na kowa domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya, ka kuma tabbatar katin bankinka yana aiki a waje, saboda ƙofofin shiga da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Rana ta shida kada ka sa mata komai, ita ce za ta maye gurbin duk ranar da iska ta ɓata muku. In ba ta ɓata ko ɗaya ba, ku kai Hajiya da yara lambun Kirstenbosch da ke gindin dutsen, ku tafi da tabarma da abincin rana.