Kar ka ƙara kwas a zangon farko

Ɗan'uwa, ka ce ka samu gurbin karatun likitanci daga ƙauyenku na wajen Ringim, kana tambaya ko ka ƙara kwasa-kwasan zaɓi a kan na dole. Kar ka ƙara. Tsaya a kan Kemistiri, Fiziks, Bayoloji da Lissafi, sai darussan bai-ɗaya da jami'a ta wajabta. Sakamakonsu ne zai haye da kai aji biyu, inda Anatomi (ilimin ƙirar jikin mutum) da Fiziyoloji (ilimin yadda sassan jiki ke aiki) ke jiranka.

Abin da takardar rajista ba ta nuna maka shi ne lokacin ɗakin gwaji. Firaktikal ɗaya yakan cinye yammaci guda, ga rubuta rahoto da dare. Da yawanmu da muka fito daga makarantun karkara a allo kawai muka san titireshan, wato gwajin Kemistiri na ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani don auna ƙarfinsa, sai a jami'a muka fara taɓa kayan aikin, kuma wallahi hannu ba ya sabawa da wuri. In kuma zangon ya faɗo cikin damina, ka zauna da Baba tun yanzu a nemo wanda zai riƙe maka noma, don zuwa gida duk Juma'a ba zai yiwu ba.