Kada ka yarda da "na gane"

Ka ce in gaya maka yadda za ka koya wa yaran nan biyu da na damƙa maka ɗinki har aiki ya zauna musu a hannu. To ajiye wayar nan tukuna.

Saka zare da riƙon almakashi ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya su a sati guda ba, ya koma gida. Abu ɗaya nake so ka riƙe: duk yaron da ya ce maka "na gane", kada ka yarda sai idonka ya gani.

Wannan kalmar ce ta taɓa cinye min kuɗin ragon layya. Saura kwana uku babbar sallah wani Alhaji ya kawo shadda Getzner yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Ina da yaro mai natsuwa, watansa bakwai a shago. Na yi masa bayani da baki, na nuna masa awo a littafi, na ce ka gane? Ya ce na gane, Oga. Na tafi jana'iza. Kafin in dawo ya yanka daidai kan awo, bai bar rarar da ɗinki zai ci ba, wandon ma ya gajarce da inci uku. Na shiga Kantin Kwari da azahar na samo irinta sak, Alhajin ya rantse ba ita ba ce, shi kuɗi yake so. Ya karɓi kusan ninki, ya kuma kwashe yankakkiyar. Ranar hawan Daushe na ga ɗansa sanye da ita! Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaron ban kore shi ba, kunya ce ta hana shi cewa bai gane ba. Tun daga ranar, takardar buhun siminti nake fara ba yaro ya yanka a gabana, yana yi yana faɗa min dalili. In ya karkace, gyara shi nan take, amma kada ka fizge almakashin daga hannunsa, kuma kada ka zage shi gaban mai kaya, don gobe ɓoye maka kuskure zai yi.

Ku yaran yanzu, bidiyo biyu a TikTok sai ku ce za ku buɗe shago. Ni shekara biyu na yi ina guga da saka maɓalli. Gobe bayan asuba ka kawo su da takarda, zan tsaya in ga yadda kai ɗin za ka nuna musu yankan wuyan riga.