Golf GTI mai LSD ko mai manyan rim: wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son sayen Golf GTI ta 2015, tokumbo daga Amurka. Dillali ya nuna min guda biyu. Ɗaya tana da rim inci 19 da rufin gilashi, ɗayar ba ta da su, amma wai tana da LSD, kuma kuɗinta ya ɗan ɗara. Mene ne LSD ɗin nan, kuma ya kai a ƙara masa kuɗi? Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ɗauki mai LSD, in har ka tabbatar yana jikinta.

Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tazara. Shi ya sa ake sa wasu haƙoran giya da ake kira differential a tsakaninsu, don kowace ta juya daidai da tafiyarta. A GTI, da yake tayoyin gaba ne ke ja, suna cikin giyabos. Aibin irin na gama-gari shi ne ƙarfin da zai kai ƙasa ba ya wuce abin da taya mafi santsi za ta iya riƙewa. Aikin LSD kuwa, wato limited-slip differential, shi ne ya taƙaita sulɓin wannan tayar, ya tura ƙarfi ga tayar da ta kama kwalta.

Na ga bambancin ne da damina. Bayan an ɗauke ruwa, yashi kan taru a gefen titin Zoo Road, sai ka fito daga lungu, tayar dama a kan yashi, ta hagu a kan kwalta. Ka taka totur a motar da ba ta da shi, tayar dama ta yi ƙara tana watsa yashi, 'yar fitilar gaban sitiyari ta hau ƙyaftawa, motar ta noƙe, ga mai adaidaita sahu ya taho a guje. Mai LSD ba ta yi min haka ba, ta dafe ta fita abinta. Wannan 'yar daƙiƙar nake so ka saya, ba don gudu ba.

Sai dai ka yi hattara da bakin dillali. Kowace GTI ta wannan zubin tana da wani tsari mai suna XDS, wanda ke ɗan matse birkin tayar da ke sulɓi, wasu kuma shi suke kira LSD. Yana taimakawa, amma birki yake ci. Na ainihin sunansa VAQ, kuloci ne da kwamfuta ke sarrafawa, yana zuwa cikin Performance Pack, wato ƙarin kayan da kamfani ke haɗa wa wasu GTI. Tare da shi, ƙarfin injin ta Amurka ya tashi daga doki 210 zuwa 220, faifan birkin gaba daga milimita 312 zuwa 340. Ka tsuguna ka leƙa ta cikin rim: in ita ce, za ka ga an rubuta GTI a jikin jan maƙalin birki, tambarin GTI na baya ma ja ne. Amma tambari abin saye ne a kasuwa, don haka ka sa makanikinka ya shiga ƙarƙashinta. Na'urar tana manne da giyabos, ta ɓangaren sandar da ke juya tayar dama. Tana da nata man daban, ana canja shi kamar duk shekara 3, kuma da yawa ba su san da wannan ba. Kana saye ka canja.

In ka ce za ka ɗauki ɗayar ka sa mata LSD na kamfanin Quaife ko Wavetrac daga baya, kaya ne masu kyau, amma sai an sauke giyabos an buɗe, kuma sai ka yi odarsu. Ban so maka wannan hanyar ba.

Rim inci 19 kuwa, ina roƙonka ka haƙura. Tayarsa siririya ce, rami guda da ruwa ya rufe ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura taya. Inci 18 ya wadatar. Rufin gilashi ma, ka tuna zafin ranar Afrilu a Kano, sannan ƙurar hunturu kan toshe magudanansa, damina na faɗuwa ruwa ya sauko cikin mota.

Abin da ya rage a hannunka ka zuba shi a sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya. Ka duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta.