Tsara bayanan karatu kan ƙwayoyin gado da sarrafa abinci a jiki

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka tsara bayanan da kake cirowa daga maƙalun bincike kan ƙwayoyin gado da yadda jiki ke sarrafa abinci, tunda sun taru har sun fara cakuɗe maka. Shawarata ita ce ka daina tara su da sunan marubuci ko shekarar bugawa, ka tsara su bisa ƙwayar gadon da ake magana a kanta. Ka ware shafi guda ga HBB, ƙwayar gadon da ke kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 11 kuma sauyinta ke haddasa sikila, ka ware wani ga G6PD da ke kan kuromosom X, wadda ke samar da sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, sannan duk maƙalar da ka karanta ka rubuta abin da aka gano, da mutanen da aka yi binciken a kansu, da lambarta a PubMed, rumbun maƙalun binciken lafiya na intanet. Ajiyar maƙalun kuwa ka bar wa manhajar Zotero, domin kyauta ce.

Sharaɗin da nake roƙonka da shi shi ne kada ka taɓa tsallake bayanin mutanen da aka bincika. Nau'in ƙarancin G6PD da ya fi yawa a Afirka ta Yamma ya fi na yankin Bahar Rum sauƙi, amma lokacin da nake digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na haɗe sakamakonsu wuri guda, sai da na koma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na bi maƙalun ɗaya bayan ɗaya kafin na iya raba su.