Kafin ka zagi 'yan Cooperstown, duba saitin gasarku

Ɗan'uwa, ka ce ka cika ƙungiyarka da gwarazan Cooperstown, wato waɗanda aka karrama a zauren gwarazan wasan baseball na Amurka, a OOTP, gem ɗin kwamfuta na tafiyar da ƙungiyar baseball, amma kana can ƙasan tebur, har kana tambaya ko sun cancanci karramawar. Wallahi na san wannan zafin.

A tsohuwar gasarmu na ɗauki shahararren mai jifa Sandy Koufax a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa, ina ta cika baki. Ashe shugaban gasar ya saita gem ɗin ya shigo da kowa da ƙarfin shekararsa ta farko, bai gaya wa kowa ba. Koufax ɗin 1955 aka ba ni, yaro mai jifa ko'ina, ba na 1965 da ya fitar da masu bugu 382 da jifansa ba. Daga 1955 zuwa 1960 ai nasara 36 ya yi, ya sha kashi 40. Wasan da ya fi ƙona min rai, yana ta jifa a karkace yana ba masu bugu tafiya kyauta har duk gidajen filin suka cika, aka buga ɗaya ta tsallake katanga. Shi kuwa shugaban gasar sai ya ɗauki hoton allon ya turo da alamar dariya. Da na yi magana, cewa ya yi ai dokar tana rubuce. Ina take? Har yau bai nuna ba. Shi ya san abin da ya shirya, shi ya sa ya yi shiru ya kwashi irin su Lou Whitaker. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Don haka fara duba shekarar da aka shigo da su, da kuma ko an daidaita ƙarfinsu da zamanin da gasar ke bugawa. Sannan ka daina sayen suna. Bill Mazeroski ya shiga Cooperstown a 2001, matsakaicin bugunsa .260 ne kacal. Gwanintarsa ta tsaron gida na biyu a fili ce ta kai shi, da bugun da ya karya Yankees a wasa na 7 na World Series, gasar ƙarshe ta cin kofi, a 1960. Kwamfuta ba ruwanta da wannan tarihi, idan ka sa shi na huɗu a jerin bugu kai za ka yi kuka. Ka kai shi na takwas, ka ba shi masu jifan da ake buga wa ƙwallon ƙasa, za ka ga amfaninsa.

Amma fa akwai waɗanda ko ni ba na karewa. A farkon shekarun 1970 tsohon ɗan wasa Frankie Frisch yana kwamitin da ke zaɓen tsofaffin 'yan wasa zuwa Cooperstown, aka dinga shigo da abokan wasansa irin su George Kelly. Whitaker kuwa, da hom ron (bugun da ya tsallake katanga) 244, a 2001 ɗin nan aka jefar da shi daga takardar zaɓen Cooperstown da ƙuri'ar da ba ta kai kashi 3 ba. Wannan ya fi ba ni haushi da duk abin da gem zai yi.

Kuma don Allah, idan shugabanku mai ɓoye saiti ne, ka nemi ya turo hoton saitin kafin zaɓen 'yan wasa na gaba. In ya ƙi, fita kawai.