Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Rubuta Tarihin Mahaifina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasu watanni 8 da suka wuce yana da shekara 79, ya bar mu 'ya'ya 6 da jikoki 14. 'Yan'uwana sun ɗora mini nauyin rubuta tarihinsa domin yaranmu su tashi da saninsa, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami ba na iya wuce cewa mutum ne mai haƙuri, mai riƙon amana, mai son iyalinsa. Idan na karanta abin da na rubuta sai in ji kamar wani mutum dabam nake yabo, ba Baba ba, wanda ba ya runtsawa sai ya ji shigowar na ƙarshenmu gida. Ga kuma autana mai shekara 4, kullum sai ya tambaye ni yaushe Kaka zai dawo. Ta ina zan fara, kuma me zan faɗa wa yaron?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa.

'Yar'uwa, ai kin riga kin fara rubutun ba ki sani ba. A duk wasiƙarki wuri ɗaya ne na hango mahaifinki da idona, wato inda kika ce ba ya runtsawa sai ya ji shigowar na ƙarshenku. Haƙuri da amana gaskiya ne, sai dai kalmomi ne da ake faɗa a kan kusan kowane mamaci, shi ya sa ba su kama zuciyarki ba. Jikan da bai yi wayo da kakansa ba, idan aka ce masa mai haƙuri ne, zai gyaɗa kai ya manta. Idan kuwa aka gaya masa a wace kujera yake zaman jiran, da irin gyaran muryar da yake yi domin wanda ya makara ya san an ji shigowarsa, da abin da yake faɗa kafin ya rufe ƙofa, to ya sami kakan da zai riƙe har tsufansa. Saboda haka, duk siffar da kika rubuta ki tambayi kanki wace rana ce ta sa kika san haka, sannan ki rubuta ranar, ki bar siffar ta fito da kanta.

Abin da ya fi gaggawa a yanzu shi ne sauraro, rubutu yana iya jira. Ke kin san shi a matsayin uba ne kawai, alhali ya yi shekaru masu yawa a duniya kafin a haife ki, kuma waɗanda suka san wancan ɓangaren na rayuwarsa su ne mafi tsufa a cikinku. Ki fara da su: mahaifiyarku idan tana raye, yayyensa da ƙannensa, abokan ƙuruciyarsa da waɗanda suka yi aiki tare. Ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu a waya, kuma ki zauna da kowa shi kaɗai, domin idan aka taru, babba ne ke magana, saura sai "haka ne, haka ne". Kada ki ce su ba ki labarin halinsa, don yabon nan da ya ishe ki za su maimaita miki. Ki tambayi aikin da ya fara yi da abin da ya yi da kuɗin farko da ya samu, da ranar da suka ga ya yi kuka, da abin da ke sa shi dariya har ya riƙe ciki. Idan dattijo ya yi shiru kada ki yi saurin cike gurbin, sau da yawa bayan shirun ne labarin gaske ke fitowa.

Wannan ziyara ma kanta biyayya ce ga mahaifi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani mutumin ƙauye a hanyar Makka, sai ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiyarsa suka ga kamar kyautar ta yi yawa, sai ya bayyana musu cewa mahaifin mutumin masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya ita ce mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa.

Za ki ci karo da saɓani, wannan ya ce a shekara kaza aka yi abu, wancan ya ce a'a. Ki koma ga takardunsa na makaranta, na kama aiki da na ritaya, da wasiƙu da abin da aka rubuta a bayan hotuna. Inda babu takarda ki kawo ruwayoyin biyu tare da sunan wanda ya faɗa. Game da rauninsa kuwa, ba a tona asirin mamaci, kuma duk abin da zai ɓata zumunci a bar shi. Amma a ganina kuskure ne a goge ƙananan halayensa, kamar faɗan da yake yi idan an bar fitila a kunne, ko tabarau da ya ɗaure da zare ya ƙi a saya masa sabo. Irin waɗannan ne ke sa 'yan'uwa dariya da hawaye a lokaci guda.

Hotuna da takardu na asali kada a liƙe su da leda ta hanyar zafi, domin ba ta ɓaruwa ba tare da ɓarna ba. A ajiye su nesa da laima da hasken rana, a rubuta sunaye da shekara a bayansu da fensir, saboda tawadar biro tana iya hudowa ta gaba. A ɗauki kwafinsu a ajiye a wurare uku dabam dabam, kuma idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, don tura hoto kai tsaye yana rage ingancinsa.

Sai batun autanki, wanda shi ya fi taɓa ni. Yaro mai shekara 4 yawanci bai gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, akasarin yara sai tsakanin shekara 5 zuwa 7 suke fahimtar haka. Don haka maimaita tambayar ba alamar wata matsala ba ce. Ki gaya masa a fili, cikin taushin murya, cewa Kaka ya rasu, wanda ya rasu kuma ba ya dawowa, amma muna yi masa addu'a. Ki guji cewa ya yi tafiya, don zai ci gaba da duban ƙofa, ki kuma guji cewa barci yake yi, don yaro yana iya tsorata da kwanciya. Zai sake tambaya gobe da jibi, ki ba shi amsa iri ɗaya, kuma ba laifi ya ga hawayenki.

Ki sani kuma cewa yawancin manya ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara 3 ko 4, ke nan kusan duk abin da yaron nan zai sani game da kakansa daga bakinku zai same shi. Ki nuna masa hoton da Kaka yake riƙe da shi, ki faɗa masa sunan da yake kiransa da shi. Hadisin Abu Huraira ya lissafa ɗa nagari mai yi wa mamaci addu'a cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa, don haka ki koya masa gajeriyar addu'a ɗaya da zai iya riƙewa. Manyan jikokin kuma ki ba kowannensu takarda guda ya rubuta abu ɗaya da yake tunawa, da rubutun hannunsa da shekarunsa a ƙasa, ki haɗa da naki yadda suke, ba tare da kin gyara musu ko harafi ɗaya ba.